NAZARI: Matasa sun koyi haɗa manhaja, amma makullin kasuwar na hannun Google da Apple

A ranar 13 ga Agustan 2020 kamfanin Epic Games na Amurka, mai shahararren wasan intanet ɗin nan na Fortnite, ya tsokano faɗa da gangan. Ya saka wa 'yan wasansa wata hanyar biyan kuɗi kai tsaye a cikin wasan, da rangwamen kashi 20 cikin 100, wadda ta kauce wa la'adar kashi 30 cikin 100 da Apple da Google ke cira daga cinikin da aka yi a manhajojin da ke rumbunansu. Kafin gari ya waye kamfanonin biyu sun fitar da Fortnite daga App Store da Play Store. Epic kuwa dama ya shirya takardun ƙararsa, a ranar ya maka su a kotu.

An shafe shekara biyar ana wannan tataɓurza. A Satumban 2021 Mai Shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta wanke Apple daga tara cikin tuhume-tuhume goma, sai dai ta umarce shi da ya daina hana masu manhaja nuna wa abokan cinikinsu wata hanyar biya a wajen rumbunsa. Apple ya bi umarnin a baki, ya kuma ɗora la'adar kashi 27 cikin 100 a kan cinikin wajen, wato an ba ka da hannun dama an karɓe da na hagu. A ƙarshen Afrilun 2025 alƙaliyar ta yanke cewa kamfanin ya saɓa wa umarninta da sani, ta hana shi karɓar wannan la'ada, kuma a watan Mayu Fortnite ya koma wayoyin iPhone a Amurka, Apple kuma ya ɗaukaka ƙara. Google ya fi shan kaye: a Disamban 2023 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a San Francisco suka same shi da laifin yin babakere a kasuwar manhajojin Android, a Oktoban 2024 kuma Mai Shari'a James Donato ya umarce shi da ya buɗe wa rumbunan abokan hamayya ƙofa na tsawon shekara uku.

Jaridun fasaha sun yi ta yayata waɗannan hukunce-hukunce a matsayin nasarar ƙananan masu manhaja a duk duniya. Ga matashin da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Maraɗi yana fafutukar fitar da manhajarsa ta farko, zancen da sauran gyara. Umarnin Donato a kan kasuwar Amurka ya tsaya, haka ma na Gonzalez Rogers. Tarar yuro miliyan 500 da Tarayyar Turai ta ci Apple a Afrilun 2025 ƙarƙashin dokarta ta kasuwannin intanet, mutanen Turai take karewa. Sannan la'adar kashi 30 ɗin da ake ta hayaniya a kanta ba ita ce ke tsaye a wuyan ƙaramin mai manhaja ba, domin tun 2021 kamfanonin biyu sun rage ta zuwa kashi 15 ga wanda cinikinsa bai haura dala miliyan ɗaya a shekara ba. Epic kamfani ne na biliyoyin daloli, kuma rabon ganima yake jayayya a kai da takwarorinsa. Matsalar matashinmu tana farawa ne tun kafin a kai ga maganar riba.

Kuɗin shiga da shingayen bakin ƙofa

Rajistar zama mai manhaja a Play Store dala 25 ce, sau ɗaya. Ta Apple dala 99 ce duk shekara, kuma manhajar da kamfanin ya tanada don haɗa kayan iPhone a kwamfutarsa ta Mac kaɗai take aiki. A idon ɗalibin Jamus wannan ba wani babban kuɗi ba ne. A Najeriya, inda dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, a lokacin dala 99 ta fi albashin wata biyu na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Ko wanda ya tara kuɗin ma sai ya nemi hanyar biya, domin tun 2022 yawancin bankunan ƙasar suka rage abin da katin naira zai iya saya a ƙetare zuwa dala 20 a wata, daga baya suka rufe gaba ɗaya. Sai a Yulin 2025 wasu manyan bankuna suka sake buɗewa. Kusan shekara uku matasa suka yi suna bin katunan dala na intanet da farashin bayan fage domin biyan kuɗin rajista, kuɗin ajiyar bayanai da kuɗin talla.

Wannan ɓangaren laifin gida ne, ba na Google ba. Na Google shi ne ƙa'idojin da ke sauyawa duk shekara. Daga Nuwamban 2023 duk wanda ya buɗe sabon asusu da sunan kansa ba zai iya sakin manhaja ga jama'a ba sai ya samo mutum 20 da za su gwada ta kwana 14 a jere. Bayan ƙorafi ya yi yawa aka rage su zuwa 12 a Disamban 2024. Mai son kauce wa wannan sharaɗi sai ya yi rajista a matsayin kamfani, wanda ke buƙatar lambar shaida daga kamfanin Dun & Bradstreet na Amurka, bayan takardun Hukumar Rajistar Kamfanoni ta ƙasa. Kamar yadda aka saba, inda aka kafa shinge nan 'yan kamasho ke yada zango: yanzu akwai masu sana'ar sayar da "masu gwaji" a intanet, a biya su dala su sauke manhajar su ajiye ta mako biyu. Mai kuɗi ya saya ya wuce, marar shi ya bi abokai da 'yan'uwa yana roƙon kada su goge manhajar don wayarsu ta cika. Ban da haka, duk ƙarshen Agusta Google kan ɗaga matakin Android da dole manhaja ta dace da shi, wanda bai sabunta tasa ba sai ta daina bayyana ga masu sababbin wayoyi.

Abin da ya fi tsoratar da masu wannan sana'a shi ne rufe asusu. Na'ura ce ke fara tantancewa, saƙon da ake turowa gajere ne, kuma rufewar takan zama ta dindindin, har ta shafi duk asusun da aka ga yana da alaƙa da wanda aka rufe. A wurin da matasa biyar ke karɓa-karɓa da kwamfuta ɗaya a shagon intanet ko cibiyar koyon sana'a, kalmar "alaƙa" abin tsoro ce. Ɗaukaka ƙara kuwa wurin kamfanin da ya yanke hukuncin ake kai ta.

Adalci ne a faɗi dalilin Google, don yana da shi. Kamfanin ya ce a 2024 kaɗai ya hana manhajoji miliyan 2.36 masu saɓa ƙa'ida shiga rumbunsa, ya kuma rufe asusun masu manhaja sama da 158,000. 'Yan Najeriya ba sa buƙatar a yi musu bayanin muguwar manhaja. Kowa ya tuna manhajojin ba da rance da ke kwashe lambobin wayar wanda ya ci bashi, su bi danginsa da abokan aikinsa da saƙonnin cin mutunci, wasu har da sanarwar mutuwarsa yana raye. Rumbun da babu mai gadi dandalin 'yan damfara ne. Tambayar ita ce wa ke biyan kuɗin gadin. Kamfanin ƙididdiga na Appfigures ya ce manhajojin Play Store sun ragu daga kusan miliyan 3.4 a farkon 2024 zuwa kusan miliyan 1.8 a Afrilun 2025. Babu shakka mafi yawan abin da aka share shara ce, amma tsintsiyar ba ta bambance ɗan damfara da malamin makarantar da ya haɗa manhajar koyon karatu shekara huɗu da suka wuce, ya rasa lokaci ko kuɗin sabunta ta.

Sai kuma wasanni, waɗanda su ne uwar kuɗin wannan kasuwa. A hukuncinta na 2021 Gonzalez Rogers ta gano cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin shigar App Store daga wasanni yake fitowa, kuma masu kashe wannan kuɗi ba su kai kashi 10 cikin 100 na masu amfani da rumbun ba. Ma'ana an gina tsarin ne a kan tsirarun masu kashe kuɗi a ƙasashe masu arziki. Matasanmu na kwana a kan Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty, suna ƙona data da tsadarta ta ƙaru bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, amma ɗan abin da suke kashewa a cikin wasannin Singafo da Sin da Amurka yake tafiya. Wanda ya haɗa wasan dara ko langa ko dambe don mutanensa ba zai dogara da saye-sayen cikin wasa ba, talla zai jira, kuma masu talla sun fi biyan kuɗi mai tsoka a kan idon Ba'amurke fiye da na ɗan Najeriya. Shi ya sa kamfanonin wasanni na Afirka da suka ɗan ɗaga, irin su Maliyo Games na Legas wanda ya yi wa Disney wasan da ya danganci shirin Iwájú a 2024, ko Kiro'o Games na Kamaru da Leti Arts na Ghana, suka fi samun numfashi ta hanyar kwangila, tallafi ko masu zuba jari na waje. Ko kayan aikin ma ba su da tabbas: a Satumban 2023 kamfanin Unity, wanda dubban ƙananan masu wasanni ke gini da manhajarsa, ya wayi gari ya ce zai riƙa cajin kuɗi a kan kowace saukewa. Bore ya tashi, shugaban kamfanin ya sauka, bayan shekara guda aka soke tsarin. Masu wasanni na Turai da Amurka ne suka yi wannan bore, don su ake jin muryarsu.

Wanda ba a gani ba, ba a saya

A ce matashi ya tsallake duk wannan. Saura a san da shi. A nan ne ƙofa ta biyu take, ita ma ta Google ce, domin kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet a duniya ta shafinsa ake yi. A ranar 5 ga Agustan 2024 Mai Shari'a Amit Mehta na kotun tarayya da ke Washington ya yanke cewa Google ya riƙe wannan matsayi ta hanyar da ta saɓa wa doka. A zaman shari'ar ne aka ji cewa a 2021 kamfanin ya biya sama da dala biliyan 26 domin ya zama shi ne mabuɗin bincike da ake tararwa a wayoyi da manhajojin shiga intanet, kuma a 2022 Apple kaɗai ya karɓi dala biliyan 20. Da aka zo maganar hukunci a Satumban 2025, alƙalin ya ƙi tilasta masa sayar da Chrome kamar yadda gwamnatin Amurka ta nema. Ya hana shi ƙulla yarjejeniyar da ke toshe wa wasu hanya, ya ce ya raba wasu bayanai da abokan hamayya. Farashin hannun jarin kamfanin tashi ya yi washegari, wanda ya isa ya nuna yadda masu kuɗi suka karanta hukuncin.

Shari'ar ba ta taɓa abin da ya fi damun ƙananan shafuka ba, wato yadda Google ke jera sakamakon bincike. Sau da yawa a shekara kamfanin kan sauya ma'aunin da yake amfani da shi wajen tantance wanda zai zo sama da wanda zai nutse. Sauyin Satumban 2023, da aka ce an yi shi don fifita rubutu mai amfani, da babban sauyin Maris na 2024, da kamfanin ya ce ya rage rubutun banza da kashi 45 cikin 100, sun durƙusar da shafuka masu zaman kansu da dama. Retro Dodo, ƙaramin shafin Birtaniya da ke rubutu a kan tsofaffin wasannin bidiyo, ya ce ya rasa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shigo masa daga Google. HouseFresh, da ke gwada na'urorin tace iska da hannunsa kafin ya yi rubutu, ya ce ya rasa sama da kashi 90, alhali manyan mujallu da dandalin Reddit sun haye sama. Babu wanda aka kira ya kare kansa, babu wanda aka gaya wa takamaiman laifinsa. Shawarar da ake ba su ita ce su ci gaba da rubutu mai kyau su jira sauyi na gaba.

Tun Mayun 2024 kuma aka ƙara wani abu: amsar da ƙirƙirarriyar basira ke haɗawa a saman shafin, daga rubutun wasu, ta yadda mai tambaya ba ya buƙatar shiga ko'ina. Cibiyar bincike ta Pew ta gano a 2025 cewa idan wannan amsa ta bayyana, kashi 8 cikin 100 na ziyara ne kawai ke ƙarewa da latsa wani sakamako, idan babu ita kuwa kashi 15. Google ya musanta ingancin binciken. Kamfanin Penske, mai mujallar Rolling Stone, ya kai ƙara kotu a kan wannan a Satumban 2025.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin nasa ciwon. Hausa ba ta cikin jerin harsunan da tsarin tallan Google na AdSense ya amince da su, duk da cewa masu jin ta sun kai gomman miliyoyi, alhali harshen Estoniya, ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, yana ciki. Don haka shafin Hausa zalla ba shi da halastacciyar hanyar shiga babbar kasuwar tallan intanet, sai ya cakuɗa da Turanci ko ya yi dabara, dabarar kuma kan jawo rufe asusu. Ga kuma rikicin ƙ da ɗ da ɓ: marubucin da ya kiyaye ƙa'idar rubutu yana takara da mai binciken da wayarsa ba ta da waɗannan haruffa. Sannan duk wanda ke bibiyar shafukan Hausa ya san yadda ake kwafe labari ko littafin marubuciya sukutum a liƙa a shafuka goma, wani lokaci kwafin ya riga asalin fitowa a bincike. A ganina wannan ba mugunta ba ce daga California, rashin damuwa ne. Kamfani na zuba ƙwararrunsa inda kuɗin talla yake ko inda hukuma ta matsa masa, mu kuwa ba mu cika ko ɗaya ba.

Ƙasashen da suka matsa

Ba Amurka da Turai kaɗai suka taɓa tunkarar waɗannan kamfanoni ba. Koriya ta Kudu ta yi doka a 2021 da ta hana tilasta wa masu manhaja amfani da hanyar biyan kuɗin mai rumbu, kodayake Google ya amsa da rage maki huɗu kacal daga la'adarsa, darasin da ke nuna cewa rubuta doka daban, bibiyarta daban. Hukumar kula da gasa ta Indiya ta ci Google tara har sau biyu a Oktoban 2022, kuma da kamfanin ya cire wasu manhajojin Indiya daga Play Store a Maris na 2024 saboda rikicin la'ada, gwamnati ta sa baki aka mayar da su cikin kwanaki. Mafi kusa da mu ita ce Afirka ta Kudu, wadda hukumarta ta kula da gasa ta kammala bincike a Yulin 2023, ta buƙaci Google da Apple su daina hana masu manhaja nuna wata hanyar biya, su kuma ware wa manhajojin cikin gida gurbin da za a gan su, Google kuma ya tallafa wa ƙananan kamfanonin ƙasar da talla kyauta. Jama'ar Afirka ta Kudu ba su kai kashi ɗaya cikin uku na 'yan Najeriya ba.

Najeriya ma ta nuna tana da haƙora idan ta ga dama. Hukumar Kula da Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin manhajojin rance a Legas a Maris na 2022, ta sa aka cire wasu daga Play Store, kuma daga farkon 2023 Google ya wajabta wa duk manhajar rance da ke aiki a ƙasar nuna amincewar hukumar. A Yulin 2024 hukumar ta ci kamfanin Meta tarar dala miliyan 220, kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar a Afrilun 2025. Dokar 2018 da ta kafa hukumar ta haramta wa kamfanin da ya mamaye kasuwa yin amfani da ƙarfinsa ta hanyar da ba ta dace ba. Makamin yana nan. Abin da aka fi saurin yi da ƙarfin gwamnati a kan kamfanonin intanet shi ne abin da ya shafi masu mulki, kamar dakatar da Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021, bayan ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari.

A ɗaya gefen kuma gwamnati na ta horar da matasa. Buhari ya sa hannu a dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha a Oktoban 2022, Ministan Sadarwa Bosun Tijani kuma ya ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan uku. Horo abu ne mai kyau, matasan Arewa da dama sun shiga. Sai dai koya wa mutum saƙa ba tare da duba wanda ke raba rumfuna a kasuwa ba rabin aiki ne. Ɗan Kantin Kwari da aka kulle wa shago ya san ofishin da zai je, ya san ƙungiyar da za ta tsaya masa. Matashin da aka rufe wa asusun Play Store ba shi da ko ɗaya, kuma abin da ya kamata 'yan majalisar da ke kwamitocin sadarwa su tambaya ke nan: me zai hana FCCPC da NITDA su buɗe bincike irin na Afirka ta Kudu, su nemi a riƙa bayyana dalilin rufe asusu, a samar da mutum mai jini a jika da zai saurari ƙorafi, a sauƙaƙa biya da naira, a kuma shigar da Hausa da Yarabanci da Ibo cikin harsunan talla? Kasuwa mai mutum sama da miliyan 200, wadda mafi yawan wayoyinta Android ne, tana da abin da za ta ɗora a kan teburin ciniki.

Lokacin yin hakan ba shi da yawa. Har yanzu mai manhajar da ya gaza shiga Play Store yana da mafita guda: ya tura manhajarsa kai tsaye ta WhatsApp ko Telegram ko Xender, kamar yadda ake yi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da makamantanta, inda ake loda wa mutane manhajoji daga kwamfuta ba tare da sun kashe data ba. A Agustan 2025 Google ya sanar cewa wannan hanya ma za ta shiga ƙarƙashin tantancewa: wayoyin Android da ya amince da su, waɗanda suka haɗa da Tecno da Infinix da Samsung da ke hannun jama'a, za su riƙa neman manhajar da mai ita ya yi rajistar shaidarsa da kamfanin, ko daga ina aka samo ta. An tsara fara aiki da wannan a Satumban 2026 a Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand, sauran ƙasashen duniya kuma daga 2027.